Cronometer da sikelin kicin: sharhina bayan na gwada su a kan abincin gidanmu

Tun da rigunana suka fara yi mini yawa, tambaya ɗaya nake sha a ɗakin malamai da gidajen biki a nan Jos: "Wane shayi kike sha?" Ba na shan shayin rage ƙiba na kowa. Manhaja ce ta waya mai suna Cronometer na yi amfani da ita, sai wani ƙaramin sikelin kicin mai batir da na saya a Taminus. Zan faɗi yadda na same su, da wadda za su yi wa rana, da wadda za su wahalar.

Hawan jini ne ya kai ni asibiti, ga gwiwa da ke ƙara duk lokacin da na hau matakalar makaranta. Likita ta auna tsayina da nauyina ta ce BMI ɗina, wato lissafin nauyi gwargwadon tsayi, ya haura 30. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ta zama abin nema wa magani. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ba ta ce in koma jikin 'yanmatanci ba. Cewa ta yi, "Malama, ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kika sauke, za mu ga canji a awon jininki." Maganarta tana da tushe. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100.

Kafin a zo batun manhaja sai an zaɓi hanya, kuma nan ne mata da yawa ke ɓata watanni. Wata ƙawata keto take yi: ba tuwo, ba shinkafa, ba dankali, sai nama da ƙwai da kifi da ganye. Ta rame da wuri, gaskiya. Amma a farashin nama na yanzu, kuma a gidan da ake ɗora wa mutum 6 tukunya ɗaya, ban ga yadda zan riƙa yin girki biyu kullum ba. Wasu kuma suna bin tsarin kame baki na awa 16, a ci a cikin awa 8. Mu da muke azumin Ramadan mun san iyakar wannan: nawa ne a cikinmu ke fitowa daga watan da ƙarin nauyi, saboda ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari na buɗa-baki? Binciken masana ma haka ya nuna. A Jami'ar Stanford an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage maiƙo, wasu suka rage abinci mai sitaci, aka bi su shekara guda. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna kilo 5 da ɗoriya a nan, kilo 6 a can, bambancin bai taka kara ya karya ba. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin kuma, a 2022, an ga cewa idan yawan kalorin da ake ci (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) ɗaya ne, taƙaita lokacin cin abinci bai ƙara wani abin kirki ba. Don haka na zaɓi in ci abin da iyalina ke ci, in rage kalori kusan 500 a rana. Tun da kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kalori kusan 7,700, wannan na sauke wajen rabin kilo a mako a farkon tafiya.

Manhajojin ƙirga kalori suna da yawa. MyFitnessPal ta fi suna, kuma da yake masu amfani da ita suna iya shigar da abinci da kansu, za ki fi samun sunayen girkin Najeriya a cikinta. Lissafin kowane ɗaya dai ya danganta da wanda ya shigar da irin tukunyarsa. Cronometer, wadda wani kamfani a Kanada ke da ita, ta ɗauki wata hanyar. Ta dogara da bayanan da aka auna a ɗakin gwaji, irin na Ma'aikatar Noma ta Amurka, kuma abin da mutane suka turo sai ma'aikatanta sun duba kafin ya shiga. Wannan ne ya ja ni. Na ga cewa dafa-dukan gidana da na maƙwabciyata suna ɗaya suka haɗa, don haka ba sunan girki nake nema ba. Ina son ingantaccen lissafin ɗanyar shinkafa da wake da manja, in haɗa nawa girkin da kaina.

A nan ne manhajar ta biya ni. Akwai wurin da ake ƙirƙirar girki: ki auna kowane kayan haɗi kafin ya shiga tukunya, ki shigar, bayan an sauke ki auna nauyin abincin gaba ɗaya. Daga ranar, duk lokacin da kika yi wannan girkin, abin da kika zuba a farantinki kawai za ki ɗora a sikeli. Ranar da na fara da dafa-duka, na ɗora kwanon silba a kan sikelin, na danna ya koma sifili, na ɗebo manja da ludayin da nake miya da shi tun ina amarya, na juye. Gram 60. Ludayi 3 nake zubawa, kamar yadda na ga ana yi a gidanmu, har sai man ya taso ya yi ja a gefen tukunya. Na shigar da gram 180, sai ga kalori wajen 1,600 daga mai kaɗai, kafin a yi maganar shinkafa. Gani ya kori ji. Dalilin a fili yake: gram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci da na furotin kuma 4, don haka cokalin cin abinci ɗaya na mai, manja ne ko man gyaɗa, ya kai 120. Kuma mai ba ya cika ciki. Na rage shi zuwa rabi, na ƙara albasa da tattasai da daddawa. Maigida bai ce komai ba sai da na faɗa masa, yara kuwa har yau ba su sani ba.

Abu na biyu shayi ne. Duk wanda ya yi hunturu a Jos ya san ba a raba mu da kofi mai zafi daga asuba har dare. Cokalin shayi ɗaya na sukari gram 4 ne. Cokali 3 a kofi, kofi 3 a rana, gram 36 ke nan, ban da madarar gwangwani. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato wajen gram 50 ga mai cin kalori 2,000, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 50 ta kusa cinye wannan kason ita kaɗai. Zoɓo da kunun aya na sayarwa su ma sukari ake zabga musu. Yanzu cokali ɗaya nake sawa, da citta da kanumfari, kuma harshe ya saba cikin 'yan makonni.

Akwai wata magana da ake yawan yi a garin nan da nake so in gyara, cewa acca tana ramar da mutum. Ɗanyar acca da ɗanyar shinkafa kusan kalori ɗaya suke da shi, 350 da wani abu a gram 100. Abin da ya sa gwaten acca ke taimako shi ne ruwa da ganye sun fi hatsin yawa a kwano: yakuwa, alayyafo, gauta, kabeji. Ciki ya cika, kalori kaɗan. In kika tuƙa tuwon acca kika ci malmala biyu da miya mai maiƙo, ba ki tsira da komai ba. Haka dankalin turawa, wanda Allah ya hore mana a Filato: dafaffe bai kai kalori 90 a gram 100 ba, soyayye kuwa ya haura 300. Mu da ke da kasuwar Farin Gada a kusa, inda kabeji da karas da koren wake ke sauka da safe, rabin faranti ganye ba wani abin wahala ba ne.

Wani abin da na yaba shi ne ba kalori kaɗai take nunawa ba. Tana bin sinadarai masu yawa, har da bitamin da gishiri da sinadarin ƙarin jini. Ita ta nuna mini furotin ɗina ya yi ƙasa, shi ya sa yunwa ke kama ni tun ƙarfe 11. Da na ƙara wake da dafaffen ƙwai da kindirmo marar sukari, na kuma koma jefa awara a miya maimakon soyawa, sai na daina neman cincin a tsakanin darasi.

Sai dai ki shiga da sanin cewa irin waɗannan manhajoji galibi an gina su ne a kan cimar Turawa, kuma da Turanci suke. Makon farko akwai aiki: awo, rubutu, wanke kwano a sake awo, ga data da za a kunna. Bayan kin adana girke-girken da kika fi yi, abin ya koma na minti kaɗan a rana. Ga kayanmu irin su kuka da daddawa da fura, akwai jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sabunta a 2019, ana samunsa kyauta a intanet, daga nan nake kwafo lissafi in shigar da hannu. In za ki soya ƙosai ko masa, auna man kafin suya da bayanta, abin da ya ragu shi ne abincin ya sha. Abincin waje kuwa kintace ne, ba makawa. Akwai tsarin biya mai suna Gold, wanda ke cire talla ya ƙara wasu jadawalai. Ban saya ba, na kyautar ya ishe ni, har da na'urar karanta lambar da ke jikin kwali.

Game da hawa sikelin jiki, da safe nake yi kafin in ci komai, kuma layin da ke nuna tafiyar nauyina cikin wata guda nake kallo a manhajar, ba lambar yau ba. Cin abinci mai gishiri da magi da daddare, ko gabatowar al'ada, na iya ƙara kilo guda na ruwa kawai. Ina kuma auna ƙugu da tef ɗin tela. Shawarar likitocin Ingila mai sauƙin riƙewa ce, kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsayin mutum. Bayan wasu watanni nauyin ya tsaya cak. Ba lalacewa tsarin ya yi ba, jiki ne da ya ragu yake ƙona ƙasa da da. A nan na ƙara tafiya, ina sauka daga keke tun kafin a kai ƙofar makaranta in ƙarasa da ƙafa. Zuwa yanzu na sauke abin da likita ta nema har da ɗan ƙari, awon jinina kuma ya sauko.

Abin da manhaja ba za ta yi miki ba shi ne amsa wa mutane. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, rama kuma alamar damuwa. Surukata ta kira ni gefe ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, lafiya kike zabgewa haka? In wani abu ne a gidan ki faɗa mini." Na ce, "Lafiya lau, Hajiya, likita ce ta sa ni saboda jinina." Ta yi shiru, ta ce, "To Allah ya ƙara sauƙi, amma ki riƙa ci." Tun daga nan ita ke hana a cika mini faranti in mun je gaishe ta. Ambaton likita ya fi kowane bayani saurin shiga. A gidan biki kuma ba na mayar da abincin kowa. Ina karɓa, in ci rabi, in ƙulle saura.

Masu tambayar shayi, ina jin tsoron abin da ake sayar muku a WhatsApp ba lambar NAFDAC. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita. An sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kayayyaki a ƙasashe daban-daban, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Allurar semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, ita tana aiki da gaske, amma magana ce ta likita, kuma bincike ya nuna waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda. Mai ciki, mai shayarwa, da mai shan maganin sukari, kada ku rage ci sai da sanin likita. Wadda kuma ta ga ƙirgan ya fara hana ta sukuni, tana jin laifi a kan kowace loma, ta ajiye manhajar, ba tata ba ce.

Yanzu ba kullum nake shigar da abinci ba, ido ya riga ya san gwargwado. In na ga kilo 2 sun dawo, kamar bayan Babbar Sallah, sai in koma awo na mako guda. Abin da ke damuna shi ne waɗanda suka fi buƙatar wannan ilimin ba za su iya buɗe manhajar ba. Maƙwabciyata mai sayar da masa tana fama da sukari da hawan jini, ba ta karanta Turanci, wayarta ma ba ta hawa intanet. Na je da sikelina gidanta muka auna ludayinta da kofin shayinta da malmalar tuwonta, na rubuta mata da Hausa a bayan kalanda: mai ludayi kaza a tukunya, sukari cokali ɗaya, tuwo malmala ɗaya da miya mai yawan ganye. Muna da matasa a Jami'ar Jos da ke karanta kwamfuta, muna da masana abinci a asibitocinmu. Ina roƙon su haɗu su yi mana irin wannan manhaja da Hausa, mai magana da murya, wadda ta san gwate da ɗanwake da fura, tana kuma lissafi da ludayi da gwangwani.