Zaki ko Giwa: Wa ke Sarautar Dawa?

Zaki ya sha kirari: sarkin dawa, manyan dawa, har fadawa sukan gaida sarki da "Zaki!" Amma dai gogan naku yakan kwashe har awa 20 a rana yana kwance, yawancin farautar ma zakanya ce ke yi.

Giwa fa? Ba ruwanta da gurnani. Toron giwa kan kai tan 6, alhali da ƙyar zaki ke haura kilo 200. Ta naɗe reshe da hannunta ta ɓalle shi, ta ture bishiya ta wuce. In garkenta ya doso mashaya a Yankari, zaki da kansa zai kauce, sai dai ya laɓe yana fakon ɗanta.

Ni dai a ganina rawanin na giwa ne. Kwarjini da gashin wuya suka sama wa zaki suna.