Naɗa wakili ya yi maka ƙuri'a a Arbitrum: sharhi bayan amfani

Cikin 'yan uwanmu da ke harkar kirifto a Agege, Idi-Araba da Mile 12, da yawa sun riƙe ARB, tokin Arbitrum (layin bulokcen da aka gina a kan Ethereum), tun rabon kyauta da aka yi a watan Maris na 2023, amma kaɗan ne suka san cewa tokin ɗin ƙuri'a ne a kan yadda ake tafiyar da Arbitrum da baitulmalinsa. Wanda bai naɗa wakili ba, ko da miliyan yake da shi a walet, nauyinsa a zaɓe sifiri ne. Ko kai kake so ka riƙa jefa ƙuri'ar da hannunka, sai ka fara naɗa kanka.

Naɗin ba shi da wuya. Ka buɗe walet ɗinka na MetaMask, ka koma kan layin Arbitrum One, ka tabbata akwai ɗan ETH (kuɗin Ethereum) na biyan gas, wato ladan aika umarni, a wannan layin, ba a Ethereum ba. A shafin naɗa wakili, ka liƙa adireshin walet ɗin wakilin, ka duba haruffan farko da na ƙarshe, ka sa hannu. Tokin bai motsa ba, wakili ba zai iya kashe ko sisi ba, kuma kana iya tsige shi duk ranar da ka ga dama. Idan ka ƙaro ARB a walet ɗin, nauyin wakilin yana ƙaruwa da kansa. A nan tsarin ya cancanci yabo.

Sai dai ka karanta abin da allon ya nuna kafin ka danna. Aikin da ake nema sunansa delegate. In ka ga approve ko permit, shafin bogi ne, izinin kwashe maka dukiya yake nema. Mai wayar da allonta ya tsage, yana tsaye a tashar bas ta Oshodi yana latsawa da babban yatsa ɗaya, shi irin wannan tarkon ke kamawa. Bari sai ka zauna.

Abin da ya fi cin mutane shi ne lokaci. Ƙuduri yakan fara da gwajin ra'ayi na mako guda a shafin zaɓe na Snapshot, inda sa hannu kawai ake yi babu gas. In ya wuce, sai a kai shi zaɓe na gaske a kan bulokcen, wanda ke ɗaukar kwana 14. Kowane zaɓe yana ƙirga nauyin kowa ne a wani bulo guda da aka tsayar, wato wani takamaiman lokaci a kan bulokcen. In ka sauya wakili bayan wannan bulon, tsohon ne zai yi ƙuri'a da nauyinka a wannan karon, ko da kun saɓa. Haka kuma ARB da ke ajiye a kasuwar canji, ko wanda ka zuba a tafkin musaya (asusun haɗaka da ake canjin toki daga cikinsa), ba ya cikin lissafin wakilinka. Walet ɗaya kuma wakili ɗaya take ɗauka. Mai son raba ƙafa sai ya raba tokin a walet biyu.

Inda na fi damuwa shi ne mantuwa. Mutane da yawa sun zaɓi wakili ranar karɓar rabo don a wuce wurin, ba su sake waiwaya ba. Wakilin ya daina zuwa, nauyin ya kwanta, adadin ƙuri'un da ake buƙata kafin ƙuduri ya zartu ya yi wuyar cika. Kuma idan gari ya yi shiru ne mai shiri ke shigowa. A Yulin 2024, ƙuduri na 289 a Compound, wani dandalin ba da rancen kirifto, ya tsallake da ƙyar, yana neman a miƙa tokinsa na COMP 499,000 na baitulmali ga wani tsari na wasu tsirarun masu riƙo, sai daga baya aka sasanta aka janye shi. A ɗaya ɓangaren, wakilan Arbitrum ne suka ƙi ƙudurin farko, AIP-1, a Afrilun 2023 saboda ARB miliyan 750 da aka ware wa Gidauniyar Arbitrum ba tare da gamsasshen bayani ba. Da suna barci, da ya wuce.

Don haka kafin ka naɗa kowa, buɗe tarihin adireshinsa ka ƙirga ƙudurori goma na baya: nawa ya halarta, kuma ya rubuta dalili? Wanda kullum "eh" yake dannawa ba na ba shi. Ka duba ko yana aiki da wani kamfani mai neman tallafi daga baitulmalin Arbitrum. Sannan ka sa ƙararrawa a waya, duk wata uku ka sake wannan ƙirgen.