Na'urar busar da iskar kwamfaresa da muka saya a Garwa

Jama'a ni dai mai fentin mota ne, garejinmu na nan Garwa, kuma duk damina sai mun sha wahala da ruwa a cikin iskar kwamfaresa, wato injin da ke matso iskar da muke fesa fenti da ita. Kana cikin fesa fenti sai bindigar ta tofa maka ɗigon ruwa a kan bonet, fentin ya yi ƙuraje kamar mai ƙyanda, ka sake gogewa daga farko, wallahi abin haushi. Dalili kuwa iskar Agusta cike take da laima, kwamfaresa ta matse ta zuwa bar 8 (ma'aunin ƙarfin matsin iska) ta yi zafi, tana hucewa a tanki da tiyo sai laimar ta koma ruwa, ga kuma mai da tsatsa suna biyo ta.

To wata huɗu kenan da oga ya sayo mana draya, wato na'urar busar da iska, irin mai aiki kamar firji. Tana sanyaya iskar zuwa wajen digiri 3, ruwan ya taru ya fita ta ƙasa da kansa, ka ji tsss ya feso. Mun sa filta kafin ta saboda mai da ƙura. Gaskiya tun lokacin fenti sumul, ko ɗigo ban gani ba.

Amma fa tana da nata. In aka ɗauke wuta shikenan, sannan zafin Afrilu na nan garin yana gajiyar da ita, dole ka aje ta inda iska ke kaɗawa ka riƙa hure ƙurar bayanta. Kuma kar ka ce don ka sayi draya ka daina buɗe bawul ɗin ƙarƙashin tanki, mu kullum da yamma yaron shago ke tsiyaye shi.