Wasiƙa Daga Manchesta Zuwa Ga Malamata A Birnin Kebbi

Ranki ya daɗe, Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali, na rubuto ne in ba ki labarin yadda ake shirya ɗaliban aikin jinya a Ingila domin ranar da masifa za ta auku, tun da kin ce in riƙa sanar da ke abin da idona ya gani.

Ɗalibi a nan sai ya cika awa 2,300 yana koyon aiki da hannunsa kafin a ba shi lasisi, kuma hukumarsu ta yarda a yi har awa 600 daga ciki a ɗakin gwaji. A irin wannan ɗaki na ga mutum-mutumin roba mai numfashi da bugun zuciya, wanda malami ke sarrafawa da kwamfuta. Kayan sun burge ni, amma tsadarsu ta fi ƙarfin makarantunmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne atisayen da aka yi a asibitinmu. An kwantar da 'yan sa-kai a ƙasa an shafa musu jan launi kamar jini, wasu suna ihu wasu sun yi shiru, aka ba ɗalibai katuna masu launi uku: ja na wanda ransa ke hannun Allah, rawaya na wanda zai iya ɗan jira, kore na mai tafiya da ƙafarsa. Wata ɗaliba ta ruga wurin mai ihu, malamarta ta tsayar da ita, ta ce mai ihu ai yana numfashi, ta fara duba wanda ya yi shiru. Ba su ɗauki abin da wasa ba, domin garin bai manta harin 22 ga Mayun 2017 da ya kashe mutum 22 ba.

A nan ne na tuna kifewar jirgin ruwa a Warrah a watan Mayun 2021, da ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jiharmu. Mu a lokacinmu wannan darasi a allo ya tsaya, kuma ranar da aka kawo mana mutane da yawa daga hatsarin mota, wallahi na rasa wanda zan fara taɓawa.

Kwali da fenti akwai su a kasuwarmu, fili kuma ba ya yi mana wuya. Ina roƙonki, Malama, ki sa ɗalibanki su yi wannan atisaye kafin ruwan Agusta. Zan aiko miki da maɗaurin tsayar da jini guda 20 da samfurin katunan ta hannun wata abokiyar aikina da za ta zo gida hutu.

Ɗalibarki.