Injin wuta mai farfela a wani gungu na Yawuri: abin da muka gani cikin shekara guda

Tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji, ruwanta ya taso har ƙasar Yawuri, amma tsibirin da yayana yake zaune bai taɓa ganin turken wutar lantarki ba. Man janareto sai an ɗauko shi a kwalekwale, kuɗin fito kuma ya hau kan kuɗin lita. Wannan ne ya sa bara muka sayo ƙaramin injin iska mai farfela uku, wanda aka rubuta wat 400 a kwalinsa, domin ya tallafa wa farantan sola na shagonsa na cajin waya.

Wajibi ne mai saye ya san cewa ba ya ba da wat 400 ɗin sai iska ta kai gudun mita 12 ko fiye a daƙiƙa, abin da ba mu cika samu ba sai gabanin hadari. Idan gudun iska ya ragu da rabi, wutar takan koma kashi ɗaya cikin takwas, don haka farfela tana iya yini tana juyi a watan Afrilu alhali batir bai ƙaru da abin kirki ba. Mai shagon da ya sayar mana bai faɗi wannan ba, kuma na ji zafin hakan ƙwarai.

A hunturu ne injin ya biya mu. Lokacin da hazo ya rufe rana, ƙura ta lulluɓe farantai, iskar da ke ratso ruwa babu gini babu bishiya ta riƙa cika batir cikin dare, har masunta suka riƙa karɓar fitilunsu da caji kafin asuba. Yaya da kansa ya ce mini: "Malam ƙarami, wannan watan ban sayi mai ba."

Aibin injin biyu ne. Bututun da ya zo da shi, wanda ake kafa shi a kai, gajere ne, sai da maƙeri ya ƙara masa tsawo muka ɗaure shi da wayoyi uku. Sannan ƙura ta shiga boris ɗinsa, ya fara kuka bayan wata bakwai, dole muka sauke shi aka sa giris.

Ga mai farantan sola a bakin ruwa, ina ba da shawarar ya ƙara da shi. Wanda kuwa yake cikin gari tsakanin gidaje, gara ya sa kuɗinsa a faranti da batir mai kyau.