Twenty Million Sweethearts: Faifan Ya Ci Kuɗinsa

Fim ne na Amurka na 1934, lokacin da finafinai ba su daɗe da fara magana ba. Dick Powell ya fito a matsayin ma'aikacin gidan abinci mai waƙa, Pat O'Brien ya kai shi rediyo a New York. Surutun O'Brien kamar aku, har ya gundure ni. Ginger Rogers ce ta burge ni, musamman inda ta yi suman ƙarya ana tsaka da shiri don saurayinta, wato Powell, ya samu makirufo. Daga baya aka nemi hana su aure, wai kada mata masu sauraro su guje shi. Hoton baƙi da fari ne, sautin yana ɗan shuu, amma muryoyin ƙungiyar mawaƙan Mills Brothers sun fito tar.