Wata biyar da ƙaramin madubin ɗaukar hoton taurari a Daura

A watan Oktoba ƙanena ya taho min da shi daga Kano. Ɗan ƙarami ne, faɗin bakinsa milimita 50, kyamara tana cikinsa, da waya ake sarrafa shi. Kuɗinsa ba zan faɗa ba, uwargida tana karanta abin da nake rubutawa.

Daren farko na hau soro da shi bayan sha ɗaya, na saita shi kan nebular Oriyon, wato wancan gajimaren iskar gas da ƙura da ke ƙasan taurarin nan uku da suke jere. Da ido ɗan dusu-dusu ne kawai. Na'urar tana ɗaukar hoto na daƙiƙa 10, ta ɗora wani a kansa, ta sake ɗorawa. Kafin minti ashirin sai ga fikafikai jajaye sun buɗe a fuskar wayata. Jan nan iskar haidirojin ce da zafafan taurarin tsakiya suke haskawa. Nisansa kusan shekarar haske 1,350, ke nan hasken da na kama ya baro can tun wajajen ƙarnin farko na Hijira. Na daɗe zaune ban ce komai ba.

Maƙwabcinmu dattijo ya hango ni ta katanga, ya ce, "Kai yaro, wata kake nema a tsakiyar wata?" Na ce, "A'a Baba, Kaza da 'Ya'yanta zan ɗauka." Da na nuna masa shuɗin hayaƙin da ya lulluɓe su, sai da ya sa aka ɗauko masa tabarau.

To amma duk wanda zai saya a ƙasarmu ya san da hunturu. Lokacin da Oriyon yake tsaye tsakar ka da dare, Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin hazo. Akwai makon da ban samu ko hoto ɗaya na kirki ba, sai fari fat kamar an watsa gari. Ƙura kuma tana kwanciya kan gilashin. Kada a goge da gefen riga, a hure ta da ɗan famfon roba. Mafi kyawun dararena na Nuwamba ne, bayan ɗaukewar ruwa, sai kuma duk daren da babu farin wata aka ɗauke wuta a unguwa. Ban taɓa zaton zan yi murnar ɗauke wuta ba.

Inda ya gaza: filin da yake gani ƙunci gare shi. A ƙarshen Fabrairu na nemi nebular Karina, wadda mutanen Ingila ba sa ganinta sam, mu kuwa da muke wajen digiri 13 arewa takan ɗago mana kamar digiri 17 ta kudu. Na same ta tsakanin rassan darbejiya, amma ba ta shiga hoton gaba ɗaya ba, sai tsakiyarta. Idan an wuce awa guda kan abu ɗaya ma, kusurwoyin hoton sukan lalace, sai an yanke. Batirin yakan kai ni wajen ƙarfe uku idan na cika shi.

Zan sake saye? Ƙwarai. Yanzu nebular Lagun nake jira, ita kuma da damina take fitowa da wuri, sai yadda hadari ya yi da ni.